Rumbun fatent: inda na gano ciwon injina na ƙyanƙyasa, da yadda za ka bincika naka da waya

 

Yau mun ɗan ajiye maganar rigakafi da haɗin abinci. Wani wurin neman ilimi nake so in nuna muku, wanda ni ma asara ce ta kai ni ƙofarsa. Rubutun zai yi tsawo, wanda yake kan hanya ya adana shi sai ya natsu.

Shekara biyu ke nan, da damina, lokacin da zabi ke zuba ƙwai, na tara ƙwan zabi 120. Wasu na saya a hannun mata a nan Turawa, wasu kuma wani abokina ya tattaro mini daga ƙauyukan Rogo. Na zuba su a injin ƙyanƙyasa da na sayo a birnin Kano, irin na katakon nan mai tire uku, gulob biyu a sama, da ƙaramar kwantirola mai nuna lamba, yana aiki da sola da batir. Sai da na sayar da raguna biyu na haɗa kuɗinsa. Kullum in na leƙa, lamba tana kan 37.5. Ina juya ƙwai safe, rana da dare, ina ƙara ruwa. A kwana na goma na haska su da tocila, mafi yawansu da jijiyoyin jini, wato akwai ɗa a ciki. Har na fara yi wa mutane alkawarin 'ya'yan zabi, wani ma ya ba ni kafin alƙalami.

Kwana 28 ya cika, 31 kacal suka fito. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kusan dukkansu daga tiren tsakiya ne. Na sama da na fasa, 'ya'yan sun mutu a ciki, sun bushe sun manne da ɓawo. Na ƙasa kuwa ƙalilan ne suka fito, su ma a makare, ba ƙarfi.

Na kira wanda ya ƙera injin, ya ce ƙwaina ne ba kyau. Na ce to zan kai wa kafinta mu buɗe shi mu gani, in ta kama mu ƙera wani. Sai ya ce kada in kuskura, ya yi wa injin nan fatent, duk wanda ya kwaikwaya sai sun haɗu a kotu. Wallahi na tsorata. Ban san ko mene ne fatent ba, kalmar kotu kawai na ji.

Ana haka ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya zo hutu. Da na ba shi labari sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, injin ƙyanƙyasa ai ya girmi kakanmu. Kawo wayarka." Abin da ya nuna mini a daren nan, da abin da na ƙara koyo daga baya, shi zan zayyana muku.

Fatent ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Mutum ya ƙirƙiro wani abu sabo, sai hukuma ta ba shi takarda cewa shi kaɗai ke da ikon ƙera abin da sayar da shi na wani lokaci, galibi shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardunsa. Shi kuma abin da zai biya da shi, dole ya rubuta yadda abin yake aiki dalla-dalla, da zane, ta yadda duk wanda ya san sana'ar zai iya bin bayanin ya haɗa. Wannan bayanin ba a ɓoye shi, wallafa shi ake yi, yawanci wata 18 bayan an shigar. In shekara 20 ɗin ta cika, abin ya zama na kowa. Da yawa ma ba sa kai shekara 20, don akwai kuɗin sabuntawa da ake biya, in mai shi ya daina biya fatent ɗin ya mutu.

To ka ga an fi shekara ɗari ana tara irin waɗannan takardu a ƙasashe daban-daban, yanzu kuma an zuba su a intanet. Manyan rumbuna uku ne na sani, duka kyauta, ba sai ka yi rajista ba. Akwai Espacenet na ofishin fatent na Turai, wanda aka buɗe tun 1998. Akwai PATENTSCOPE na hukumar WIPO da ke Janiba. Sai Google Patents da ya fara a 2006. Kowannensu yana da takardu fiye da miliyan 100. Ni dai na Google nake amfani da shi, don shi ya fi sauƙi a waya, kuma yana juya takardun Sin da Japan da Koriya zuwa Turanci da kansa. Ka buɗe Chrome ka rubuta patents.google.com, za ka ga akwatin bincike. In abubuwa sun cukurkuɗe a fuskar wayar, ka danna ɗigo ukun nan na sama ka mayar da shafin irin na kwamfuta.

Aikin duka yana kan kalmar da za ka rubuta a akwatin nan, kuma a nan ne na fara tuntuɓe. Na rubuta incubator kawai. Abin da ya fito mini, kwalabar jarirai bakwaini ta asibiti da akwatunan ɗakin gwaji na renon ƙwayoyin cuta, dubbai a kan dubbai. Ashe duk sunansu ɗaya a Turanci. Rumbun ba ya sanin me ke ranka, abin da ka rubuta shi yake nema.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce in fara da takarda da biro, da Hausa. Wane abu nake nema? Injin ƙyanƙyasa. Na mene ne? Na ƙwan kaji da zabi. Mene ne ciwona? Zafi bai daidaita a ciki ba. Sai in nemi Turancin kowanne, kalma biyu ko uku, don masu rubuta fatent lauyoyi ne, ba sa kiran abu da sunan da muka saba. Inda kai za ka ce chicken, su poultry za su ce, ko fowl, ko avian. Injin da kansa wani ya kira shi hatcher, wani hatching apparatus. In kalma ɗaya ka riƙe, rabin kayan za su wuce ka.

Ƙananan dabaru uku ne ke tace sakamako. In ka sa kalmomi cikin alamar zance, kamar "egg incubator", sai ya nemo su a jere yadda ka rubuta, ba a warwatse ba. In ka sa OR da manyan baƙaƙe tsakanin kalmomi biyu, misali poultry OR fowl, kowacce ya samu zai kawo. In kuma wani abu yana ta cusa kansa, ka sa NOT a gabansa, kamar NOT infant, jariran asibiti su ba ka wuri. Daga nan sai ka ƙara kalmar ciwonka: fan, ko "air circulation", ko humidity in danshi ne matsalar, ko "egg turning" in juya ƙwai ne. Kalma ɗaya-ɗaya za ka riƙa ƙarawa kana kallon yawan sakamakon yana raguwa. In ka zuba kalma takwas lokaci guda ka ga babu komai, ba za ka san wacce ta toshe hanyar ba.

Akwai abin da ya fi kalma ƙarfi, shi ne lambar aji. Ma'aikatan fatent na duniya sun rarraba duk wata ƙirƙira gida-gida, kamar layukan Kasuwar Dawanau, layin masara daban, na wake daban. In ka san lambar layinka, ko da wane yare aka rubuta takardar za ta fito. Ga waɗanda suka shafe mu, ku kwafe su ku ajiye. A01K41 shi ne gidan injinan ƙyanƙyasa gaba ɗaya: A01K41/02 na ɗumama su, A01K41/04 na danshi, A01K41/06 na juya ƙwai. A01K31 ɗakunan kaji da kejina, a ciki A01K31/18 na renon 'yan tsaki ne. A01K39 mazubin abinci da ruwa, A01K39/02 na ruwan sha. Masu kifi naku A01K61 ne, da A01K61/80 na na'urorin ba kifi abinci, da A01K63/04 na gyaran ruwa da sa masa iska. Haɗin abinci kuwa A23K50/75 na kaji, A23K50/80 na kifi. Ka rubuta lambar a akwatin bincike, ka ƙara kalma ɗaya kamar solar ko kerosene, ka ga yadda abin zai tsaya cak a kan buƙatarka. In lamba ta ɓace maka, buɗe duk takardar da ta yi kama da abin da kake so, lambobinta suna rubuce a jikinta.

Yanzu shawarar da na fi so ku riƙe: ku nemi tsofaffi. Akwai wurin da za ka zaɓi ya jero maka daga mafi tsufa, akwai kuma wurin sa shekara. Sababbin fatent cike suke da kwamfuta da na'urori masu tsada waɗanda ba mu da su. Na 1910 zuwa 1960 kuwa an yi su ne da katako, kwano, fitilar kananzir da fanka, don manoman da yanayinsu bai yi nisa da namu ba, kuma duk sun daɗe da mutuwa a doka.

A cikin tsofaffin nan na samu maganin ciwona. Ku rubuta US1262860 ku gani da idonku. Fatent ne da aka ba wani Ba'amurke, Samuel B. Smith, a watan Afrilu na 1918. Abin da ya bayyana shi ne a sa fanka ta riƙa kora iska mai ɗumi tana zagaya ƙwai ko'ina, a kuma taƙaita ƙofofin shigar iska da fitarta, ta yadda iskar za ta sabunta a hankali ba tare da danshi ya gudu ba. Ya kuma lura da abin da ban taɓa tunani ba: ƙwan da ya yi nisa, ɗan da ke ciki shi ma yana fitar da zafi. Don haka in iska tana yawo, zafin tsofaffin ƙwai sai ya taimaki sababbi, su kuma tsofaffin ba za su dahu ba.

Ina karantawa ƙanena yana fassara mini, ina kallon injina a kusurwar ɗaki. Ba fanka a cikinsa. Gulob a sama, dab da tiren farko. Bakin ma'aunin zafin kuma a tiren tsakiya aka maƙala shi. Wato lambar 37.5 da nake gani kullum ba ƙarya take yi ba, labarin tsakiya kawai take ba ni. Washegari na sayi ƙananan ma'aunin zafi uku, na fara haɗa su wuri ɗaya na tabbatar bakinsu ɗaya, sannan na sa ɗaya a kowane tire na kunna injin ba ƙwai. Sama ya haura 39, ƙasa bai kai 36 da rabi ba. Ka ji inda ƙwaina 89 suka tafi.

Gyaran bai ci kuɗin buhun abinci ɗaya ba. Fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12, wani ɓallen kwano da muka sa tsakanin gulob da ƙwai don kada zafi ya dake su kai tsaye, farantin ruwa mai faɗi a ƙasa, da ƙananan huda da nake iya toshewa ko buɗewa. Na bar shi yana aiki kwana biyu har ma'aunan uku suka zo kusa da juna. Zubin da ya biyo baya ƙwai 90 ne, na kwashe 'ya'yan zabi 64. Ban ce ya kai na kamfani ba, amma na biya wanda ya ba ni kafin alƙalami.

Wani abin dariya game da fatent ɗin Smith ɗin nan: ya yi ta shari'a da masu gidajen ƙyanƙyasa a kansa, ya ci nasara a Kotun Ƙolin Amurka a 1935, sai kuma a 1937 kotun ta rushe iƙirarinsa, don an nuna cewa wani mai suna Milo Hastings ya riga shi amfani da dabarar. Abin da aka yi wa shari'a aka gama kusan shekara 90 da suka wuce, shi ake tsorata ni da shi a waya.

Karanta takardar fatent ma da dabararsa, in ba haka ba barci zai ɗauke ka a shafin farko. Fara da zane. Kowane ɓangare yana da lamba a jikinsa, 12, 14, 16, sai ka nemi lambar a cikin rubutun ka ga sunan abin da aikinsa. Daga nan ka karanta 'yar taƙaitawar da ke sama, in akwai, don tsofaffi sosai ba su da ita. Wurin da na fi jin daɗi shi ne farkon bayani, inda mai ƙirƙirar ke kushe injinan da suka riga nasa: wannan yana busar da ƙwai, wancan zafi na taruwa a kusurwa, wancan fitilarsa na hayaƙi. Yana yi ne don ya tallata nasa, amma kai jerin cututtukan inji yake ba ka kyauta, kuma sau da yawa a nan za ka ga naka. Sashen da aka rubuta Claims, wato abin da yake iƙirarin nasa ne a doka, ka bar shi sai ƙarshe, Turancin lauyoyi ne. A can ƙasan shafi akwai jerin takardun da wannan ta ambata, da waɗanda suka ambace ta daga baya, da masu kama da ita. In ka samu takarda ɗaya mai kyau, bin wannan jerin ya fi sake sabon bincike.

Wanda Turanci ke ba shi wahala, Chrome yana juya shafi zuwa Hausa. Hausar tana da karkata, wani lokaci har ta ba ka dariya, amma in ka haɗa da zane za ka gane. Ku kula da awo kuma. Tsofaffin takardun Amurka da Farenhait suke auna zafi. Ka cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9: 99.5 ya zama 37.5 namu. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. In kuma ka ga tsohon inji yana cewa 102 ko 103, duba da kyau, mai yiwuwa marar fanka ne wanda ake auna zafinsa a saman ƙwai. Ka ɗauki wannan lambar ka sa wa inji mai fanka, ka dafa ƙwanka.

To, kada wani ya tashi daga nan ya ɗauka duk abin da ke rumbun nan gaskiya ne. Fatent shaida ce cewa abu sabo ne a idon hukuma, babu wanda ya zo ya zuba ƙwai ya gwada. Da yawa daga abubuwan da za ka gani ba a taɓa ƙera su ba ko sau ɗaya. Wasu ma nema ne kawai aka shigar, ba a bayar ba: a takardun Amurka na zamani A1 a ƙarshen lamba nema ne, B1 ko B2 shi ne wanda aka bayar. Za ka ga takardun Sin masu farawa da CN sun cika ko'ina. Waɗanda suka ƙare da U ƙaramin fatent ne na shekara 10, ba a yi musu zurfin bincike. Akwai masu kyau a cikinsu, musamman a kan mazubin ruwa da kejin kifi, amma akwai tarkace da yawa. Ni sai na ga dabara ɗaya ta maimaitu a takardu uku ko huɗu na mutane daban-daban kafin in kashe mata kuɗi.

Yanayi ma abin lura ne. Mafi yawan masu ƙirƙirar nan a ƙasashen sanyi suke, damuwarsu yadda za su ɗumama. Mu a watan Afrilu zafin rana kan haura digiri 40, inji yana iya wuce ƙa'ida gulob a kashe. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, farantin ruwan da ya ishi Bature ba zai ishe ka ba. Ƙa'idar dai ba ta canjawa: ƙwan kaza kwana 21, danshi wajen kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana 18, sannan ka daina juyawa ka ɗaga shi zuwa 65 ko 70. Yadda za ka kai ga wannan lambar a Karaye, ma'auninka ne zai gaya maka.

Abin da ya shafi magani ko sinadarin da ake sa wa abinci, don Allah kada ku gwada a kan kajinku don kun gani a fatent. Lambar fatent ba lambar NAFDAC ba ce. Wannan sai likitan dabbobi.

Masu kifi, ban manta da ku ba, mu da muke bakin Dam ɗin Challawa. In ka rubuta catfish, yawancin takardun Amurka a kan tasu tarwadar suke magana, wadda ba irin tamu ba ce. Tamu sunanta na kimiyya Clarias gariepinus, don haka ka rubuta Clarias. Karfasa kuwa tilapia. Mai neman abin sa wa ruwa iska ya gwada "pond aerator" ko airlift. Mai banda ya gwada "fish smoking" tare da kiln ko oven. Abin da za ka gani yana maimaituwa a zanen murhun banda shi ne raba wuta da kifi, da sa faranti mai tare mai, don man da ke ɗiga cikin wuta shi ke tayar da baƙin hayaƙin nan mai ɓata kifi, kuma ba shi da kyau ga lafiya. Mai walda zai iya yi maka wannan da ganga.

Wanda kuma ya shiga neman sirrin abincin kifi mai yawo a saman ruwa, bari in rage masa hanya. Na karanta da dama. Duk inda ka juya maganar tana komawa kan inji mai dafa haɗin da zafi da matsi, sitacin ya dahu, ya kumbura lokacin fitowa. Sirrin yana jikin injin. Duk wanda zai sayar maka da takardar haɗi a WhatsApp ya ce da ita kaɗai abinci zai yi yawo kamar na kamfani, ka tambaye shi wane inji.

Ku sani kuma ba duk dabara mai kyau ke cikin rumbun fatent ba. Murhun banda na Chorkor da aka fara a Gana, da FTT da hukumar FAO ta yaɗa daga Senegal, bayaninsu a fili yake ga kowa. Cibiyoyinmu irin su NSPRI mai reshe a Kano, da NIFFR ta New Bussa, da NAPRI ta Shika, suna da ayyukan da aka gwada a ƙasarmu. Rumbun fatent ƙari ne a kansu.

Mu koma kan maganar kotu, don na san ita ce ke ran wasu. Fatent na ƙasa ne. Wanda aka bayar a Amurka ko Sin, a can yake da ƙarfi, ba ya hawa kanka a Najeriya sai in mai shi ya zo ya yi rajista a nan ma. Tamu dokar ita ce ta fatent da zane ta 1970, ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Ita ma shekara 20 take bayarwa, da kuɗin sabuntawa duk shekara. A dokar nan ofishin yana duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske, in rigima ta taso kotu ce ke rabawa. Haka kuma ba a yi wa irin dabba ko irin shuka fatent a ƙarƙashinta.

Wurare biyu ne za ka yi hattara. Na farko, takarda sabuwa mai farawa da WO nema ne na ƙasa da ƙasa, mai ita yana da kimanin wata 30 ya zaɓi ƙasashen da zai shiga, kuma Najeriya tana cikin wannan tsarin tun 2005. Na biyu, takardun Najeriya da wuya ka same su a waɗannan rumbunan, don haka rashin ganin abu a Google bai nuna ba a yi masa rajista a Abuja ba. Google ɗin ma da kansa yana faɗa cewa matsayin da yake nunawa, ko fatent na raye ko ya mutu, ba hukuncin doka ba ne. Mai gyara injinsa na gida da dabarar 1918 ba shi da abin tsoro. Wanda zai buɗe shago yana ƙera sabon abu da yawa yana sayarwa, ya ga lauya tukuna. Sunan wani ko tambarinsa kuwa kada ka manna a kayanka, wannan wata doka ce daban. Makwabtanmu na Maraɗi ku tsarinku daban ne, Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta game ƙasashen ƙungiyar.

Mutumina mai inji fa? Na koma na ce ya ba ni lambar fatent ɗin. Ya turo mini hoton takarda, na duba, ashe ta rajistar sunan kasuwanci ce ta CAC. Ina jin shi ma tsakaninsa da Allah ya ɗauka ita ce fatent. Na tura masa zanen Smith da hoton ma'aunaina uku. Bai ba ni amsa ba, amma wani da ya sayi injinsa bana ya ce da fanka a ciki.

In kai ne ka ƙirƙiro wani abu da kake ganin sabo ne, nan ma rumbun zai yi maka amfani: ka fara bincikawa ko an riga ka, kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Abuja. In ka ga ba a riga ka ba, kada ka ɗora hotonsa da bayaninsa a Facebook kafin ka shigar da takarda, don abin da ya riga ya bazu ba ya zama sabo a doka. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen wannan rajistar.

Maganar data, rubutun shafin ba ya ci sosai, zanen ne ke ɗan ja. Ni da dare nake yi, in sauke PDF ɗin waɗanda suka yi mini, in rubuta lambobinsu a littafin da nake rubuta lissafin kaji. In na shiga Karaye in buga shafin zanen kawai, shi nake miƙa wa kafinta ko mai walda. Sun fi gane zane a takarda fiye da bayanin baki, kuma sau da yawa su ne ke cewa wannan ɓangaren ba ma buƙatarsa, ga abin da zai maye shi.

Yanzu haka abin da nake nema shi ne hanyar sanyaya inji da ɗakin 'yan tsaki kafin bazara ta shigo, ina haɗa A01K41 da A01K31 da "evaporative cooling". Wanda ya samu wata takarda mai kyau a kan wannan ya ajiye mana lambarta a ƙasa mu duba tare. Wanda kuma ya maƙale a kan kalmar Turanci, ya rubuto matsalarsa da Hausa, ya faɗi ko kaji ne ko kifi da girman abin da yake da shi, zan ba shi kalmomin da zai fara da su in sha Allah.